Kariyar gidanmu tana fure duk shekara amma ba ta taɓa 'ya'ya ba, me ya sa?

Uwar Biyu, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu lambu da waɗanda suka san itatuwa, don Allah a taimaka mini.

Akwai kariya a gidanmu na gado a cikin birnin Katsina, jikin katangar gabas. Marigayi Babanmu ne ya dasa ta tun ina 'yar firamare. Reshe ya karyo a gidan wani amininsa, ya zo ya soka shi a gindin katanga inda magina suka bar ɓaraguzai da tsakuwa, ko taki bai zuba mata ba. Yanzu ta ɗara ni tsawo. Jikinta ruwan toka ne, sumul, rassan gajeru masu kauri, ganyen kuma a can bakin reshe kaɗai yake taruwa. Da sanyin hunturu ya kama sai ta kakkaɓe ganyen ta tsaya haka nan, wanda bai san ta ba sai ya rantse ta mutu. Sai rani ya yi tsakiya, komai na tsakar gida ya yi futu-futu da ƙura, sannan ta fito da fure ruwan hoda, bakinsa ya fi ja, cikinsa fari-fari, kunne biyar-biyar. Ba wanda ya taɓa ɗaukar guga ya ba ta ruwa, abin da sama ta zubo shi ne nata.

Abin da ya dame ni, tun tasowata ban taɓa ganin ɗa ko ɗaya a jikinta ba. Furen zai yi kwanakinsa ya yanƙwane ya faɗo, shi ke nan sai baɗi. Kakarmu in ta zo wucewa takan nuna ta da sanda ta ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, mu kuma muka tashi a kan haka itacen yake. To kwanan baya jikana ya nuna mini a waya wasu mutane suna ɓare wani dogon kwanso, suna fitar da irinta suna shukawa a faranti. Na ce ashe tana 'ya'ya? To me ya hana tamu?

Akwai dalilin da ya sa na matsu. Ana shirin raba gidan, kuma katangar nan tana cikin abin da za a rushe bayan hunturu. Ina so kowane ɗaya daga cikin 'yan'uwana ya samu kariyar Baba a gidansa, ina kuma so ita uwar ta tsira.

Sai tambaya ta biyu. Farkon damina na sayi wata ƙarama a leda wurin masu sayar da furanni a bakin titi, irin wadda furenta ke da kunnuwa jere a kan jere, ja wur. Tun ƙarshen Agusta ganyenta ke yin rawaya, yanzu in na danna gindin da yatsa sai ya lotsa. Akwai abin yi ko ta tafi?

Ta uku kuma, gidan cike yake da jikoki, ga awaki. Wata maƙwabciyarmu ta aiko a ɓantaro mata ɓawon don ciwon haƙori, na ce ta dakata sai na tambaya.

Malamin Gona, Mubi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa dashen nan ya zame masa sadaka mai gudana.

Kariya tana 'ya'ya, na gani da idona, na kuma ɓare da hannuna. Aikin malamin gona na yi har na ajiye, kuma yawancinsa a ƙauyukan gindin duwatsun Mandara ne, daga nan Mubi zuwa Michika har Madagali, a lokacin da mutum ke iya hawa dutsen nan ya yini ba fargaba. A can kariya a dawa take, a kan dutse. Za ki ga falalen dutse wanda tsakar rana ba ya takuwa ba takalmi, ga wata 'yar tsaga da da ƙyar hannu zai shiga, to a nan za ki tarar da ita zaune. Gindin ya kumbura ya cika tsagar har ya malalo kan dutsen, rassa 'yan kaɗan, a watan Fabrairu ko Maris ba ganye ko ɗaya sai fure. Waɗannan su ne ke 'ya'ya. Kwanso ne dogo siriri, biyu-biyu suke fitowa daga wuri ɗaya, wannan ya yi dama wannan ya yi hagu kamar ƙahonin sa, kowanne yakan kai santimita 20. In ya nuna sai ya tsage ta gefe guda. Ƙwayar irin siririya ce, wajen santimita 1, da tuntun gashi a kowane ƙarshenta, iska na busowa ta kwashe. Wanda ya san audugar tumfafiya ya gane abin da nake nufi, sai dai ƙwayar tumfafiya gefe ɗaya ne ke da gashin. Dangi ɗaya ne kuwa a wurin masana, ita da tumfafiya da kwankwani da karan masallaci.

Yanzu ga abin da ya hana taku. Kowane furen kariya yana da namiji da mace a cikinsa, ba irin dabino ba ne da ake neman bishiya namiji daban. Amma yawancin kariya ba ta karɓar garin furen kanta, sai an kawo mata na wata wadda ba jininsu ɗaya ba. Ki duba yadda taku ta zo. Reshe Baba ya karyo a gidan amininsa, shi ma aminin da wuya in ba reshe aka ba shi ba. Reshe kuwa ba ɗa ba ne, uwar ce dai aka raba ta gida biyu. Sai ki iske unguwa guda da kariya a gida goma, alhali itace ɗaya ne ke tsaye a wuri goma. Ko ƙwaro ya ɗauki gari daga wannan ya kai wa waccan, wa kanta ya kai. A dutse kuwa kowace daga ƙwaya ta tsiro, kowace da jininta. Don haka kakarku abin da ta gani ta faɗa, kariyar cikin gari ta sani, kuma ita da ƙyar ake ganin ɗanta.

Akwai dalili na biyu, shi kuma a ginin furen yake. In ta yi fure ki tsinki ɗaya, ki sa leda a hannu, ki tsaga shi a tsaye. A cikin maƙogwaron za ki ga wasu zarurruka biyar masu gashi-gashi. Ki bi su zuwa ƙasa, za ki tarar gindinsu ya haɗu ya yi wani ɗan tsini ya rufe kan macen ruf. Garin yana kulle a cikin tsinin ta sama, wurin da macen ke karɓa kuma ta ƙarƙashin kanta yake. Gari ba ya gangarawa can da kansa, iska ma ba ta kai shi. Sai ƙwaro mai dogon baki siriri ya zura ta 'yan tsagogin da ke tsakani don neman zaƙi, a wajen zarowa ya goge garin da ya zo da shi a ƙasa, ya kuma kwaso sabo a sama. A ganina irin ƙwarin nan sun fi yawa a dawa fiye da cikin birni.

Mutum na iya yi mata barbarar da hannu, kuma ba wuya in ido na gani sosai. Ki samo wata kariyar da kika tabbata daga ƙwaya ta fito. Da safe ki zaɓi furen da bai daɗe da buɗewa ba a jikin kowacce. Ki yage gefen maƙogwaron a hankali har tsinin ya bayyana, ki ja zarurrukan nan ki buɗe shi, ki lakato garin da tsinken sakace ko siririn burushin zane na 'yan makaranta. Sai ki je furen ɗayar, shi kada ki tsinke shi, ki buɗe shi haka, ki shafa garin a ƙarƙashin kan macen. Ki ɗaura zare a gindin furen don ki gane shi. Ki yi wa furanni da dama, ba duka ke kamawa ba. In ya kama, furen zai faɗi amma gindinsa ya tsaya, bayan mako ɗaya ko biyu ki ga 'yan ƙahoni biyu sun leƙo. Wata biyu zuwa uku suke ɗauka kafin su nuna. Da sun fara canza launi ki naɗe su da zare ko ki sa musu guntun gidan sauro, in ba haka ba wata safiya za ki tarar da kwanso a buɗe, iri ya bi iska. Kuma kada ki ajiye irin ya daɗe, sabonsa ne ke fitowa. A kwantar da shi a kan yashi mai ɗan danshi, a rufe shi sama-sama, cikin mako guda in da zafi za ki ga tsiro, tun yana ƙarami da ɗan tumbinsa.

Amma Hajiya, ki lura da wani abu. In kariyar Baba ita kanta kike so 'yan'uwa su samu, reshe za ki ba su, don reshen shi ne ita. Na ƙwaya 'ya'yanta ne, rabi ita rabi wata. Ni da ni ne duka biyun zan yi. A yanki reshe mai ƙwari, tsawon santimita 20 zuwa 30, da wuƙa mai tsabta. Kada a dasa ranar. A jingine shi a inuwa kwanaki har bakin yankan ya bushe ya yi tauri, sannan a soka a yashi da tsakuwa, a rage hannu wajen ruwa. Bambancin kawai, na reshe ba ya saurin yin ƙaton gindin nan, na ƙwaya shi ke zuwa da shi tun farko.

Uwar kuma tana ɗaukar ƙaura fiye da yawancin itatuwa, saboda guzurinta a jikinta yake. Sai dai lokaci ne abin kula, zan dawo kansa in kin faɗa mana watan da za a yi rusau ɗin.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:

Hajiya, madalla da kika ce ta dakata. Don Allah kada ki ba ta, kuma ki faɗa mata dalili, kada ta je wani gidan ta ɓantaro.

Kariya guba ce tun daga saiwa har fure. Abin da ke cikin ruwanta dangin maganin zuciyar nan ne da ake kira digoxin. Shi kansa digoxin a asibiti da tsananin awo ake bayar da shi, ana bin jinin mutum da bugun zuciyarsa, saboda tazarar da ke tsakanin magani da guba a wurinsa kaɗan ce ƙwarai. To ina ga ɓawon itace da ba wanda ya san yawan abin da ke ciki? Tafasawa ba ta kashe shi. Mafarauta ma tafasa ruwan suke har ya yi kauri su shafa a kibiya, kuma mutanen Hadza na Tanzaniya suna cikin waɗanda aka sani da yin dafin kibiya da ita. Na san akwai masu ɗiga ruwan a kogon haƙori, an daɗe ana yi a wurare da yawa. Sai dai baki wurin haɗiya ne, kuma in mai ciwon tsohuwa ce, ko tana da ciwon zuciya ko na ƙoda, ko tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, haɗarin ya ninka. Ta tauna kanumfari a wurin ya ɗan lafa mata, ta je likitan haƙori ya duba.

Game da yara, ɗacinta yakan sa su tofar, amma kada a dogara da hakan. Furen ne ke jan su, musamman 'yan mata masu wasan girki. A riƙa share wanda ya zubo, a kuma hana kowa yin asuwaki ko tsinken nama da reshenta. In aka ga yaro ya tauna, ko ya fara amai, gudawa, jiri, ko ya yi laushi yana ta barci, a tafi asibiti nan take, a riƙe guntun itacen a nuna. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ana jiran a gani, kada kuma a zura masa yatsa don ya yi amai. Abin da muke tsoro shi ne bugun zuciya ya ragu ko ya rikice, wannan kuwa ba a gane shi da ido a gida. In ruwan ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa.

Awaki galibi ba sa taɓa ta tana tsaye. Ranar da za ku yi yankan rassan da Malam ya ce, a ɗaure su, a tattara guntayen kaf kada su gauraya da harawa.

Ɗan Lambu, Kaduna:

Mama, barka da ƙoƙari. Ni sana'ata ke nan, reno da sayar da furanni, bari in ɗauki tambaya ta biyu.

Laushin gindi iri biyu ne. Akwai na ƙishirwa, fatar ta ɗan tattare amma a bushe take, ba wari, in an ba ta ruwa kwana kaɗan ta koma ƙam. Akwai na ruɓa, wurin ya yi duhu, ya lotsa ya ƙi dawowa, wani lokaci har da ruwa da wari. Tunda a ƙarshen Agusta ya fara kuma a leda take, ruɓa ce. Masu sayarwa da yawa ƙasa ɗaya suke cika wa kowace leda, baƙar ƙasa da kashin shanu. Ga mangwaro da gwaiba daidai ne, ga kariya kuwa ajali ne, don ƙasar na riƙe ruwa saiwar ta kasa numfashi.

Yau ɗin nan ki yage ledar, ki wanke saiwar tas. Ki sa wuƙa mai kaifi a wuta ta huce, ki riƙa yanke ruɓaɓɓen wurin har sai kin kai tsoka fara mai tauri wadda ba ɗigon ruwan ƙasa ko ɗaya a cikinta. Kada ki ji tausayi, ɗan abin da kika bari shi zai ci sauran. Ki barbaɗa toka ko garin gawayi, ki rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, mako ɗaya ko fiye, ba abin da zai same ta. Sannan ki dasa a tukunyar ƙasa mai huji a gindi. Haɗin da nake yi shi ne tsakuwa ko marmara kashi biyu, yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa kashi ɗaya, ƙasar gona kashi ɗaya, da gutsattsarin gawayi. Ki bar kumburin gindin a waje, kada ki binne shi. Ruwa kuma sai bayan wani makon. In kin tarar ruɓar ta cinye gindin duka, ki yanke rassan da ke da lafiya ki yi musu yadda Baba Malam ya ce.

Daga nan rana take so, tun safe har yamma. Da bazara a ba ta ruwa sosai amma sai ƙasar ta bushe ƙarau kafin a sake. Da hunturu in ta zubar da ganye kusan a ƙyale ta. Da Agusta a janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo.

Ki duba jikinta sama da gindi, za ki ga tabon aure. Masu jeren kunnuwan nan galibi aure ake yi musu, a kawo reshen mai kyan fure a ɗora a kan wadda aka shuka daga ƙwaya. Daga Tailan da Taiwan aka fi fito da ire-irensu. Shi ya sa ko kin samu irinsu kin shuka, ba lallai furen ya fito irin na uwar ba. Kuma a yi hattara da masu tallar iri a intanet da hoton fure shuɗi, babu kariya mai shuɗin fure, hoton aka rina.

Abin da ke ba ni takaici, mai kuɗi zai zo ya biya kuɗi mai kauri in an ce masa daga waje aka kawo, amma in na nuna masa ta gida mai kunne biyar sai ya ce wannan ai ta ƙauye ce.

Ba-Damagare, Zinder:

Salamu alaikum. Malam, da girmamawa, ni ban gamsu da batun sai an samu biyu ba. Ina da guda ɗaya tak a garkata, bayan Birni wajen manyan duwatsun nan, kuma ta yi mini ƙahonin nan ba sau ɗaya ba. Ban taɓa sa mata tsinke ba, ban ma san ana yi ba sai yau. Na shuka irin kuma ya fito. To wannan fa?

Hajiya, in kina da mai zuwa Damagaram ta hanyar Daura ko ta Maraɗi, in ta sake yi zan ajiye miki.

Malamin Gona, Mubi:

Ɗan'uwa na Damagaram, na gode da ka kawo wannan, kuma ban musa ba. Shi ya sa na ce yawanci. Akan samu wadda ke karɓar garin kanta jefi-jefi. Sai dai kafin ka yanke cewa ita kaɗai ce, ka zaga bayan duwatsun nan da garake na maƙwabta a lokacin fure. Ƙwaro ba ya sanin iyakar garka, kuma garinku gari ne na dutse, ba cikin cunkoson gidaje take ba. Ko ma dai yaya ne, irin da ke hannunka shi ne ainihin abin da Hajiya ke nema, jini daban. Hajiya ki karɓa.

Ɗana na Kaduna, maganarka ta ƙarshe ta taɓa ni. Ka riƙa faɗa musu cewa wadda aka yi wa auren ma asalinta wannan ta ƙauyen ce. Itacen Afirka ne da Larabawa. Yana nan tun daga Senegal, ya bi ta ƙasashenmu na bakin hamada har Sudan, Habasha, Somaliya, Kenya da Tanzaniya, ya tsallaka teku zuwa Yaman. A Yaman ɗin ma Turawa suka fara rubuta shi. Wani ɗan Suwidin mai suna Peter Forsskål ne, cikin ayarin bincike da ya taso daga Denmark a 1761. A can ya rasu a garin Yarim a 1763, ba a buga abin da ya rubuta ba sai 1775. Sunan da masana ke kiranta da shi yau, Adenium obesum, a 1819 aka sa shi. A tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman akwai 'yar'uwarta da gindinta ke fin mita 1 a faɗi, a kan tsandaurin dutse. Mutanen Asiya ɗauka suka yi suka tsaya a kanta shekara da shekaru suna zaɓe suna barbara, har suka fitar da launuka, ga shi muna saye a hannunsu. Ba abin da ya hana matasa irinka su yi wannan aikin da namu na gida, waɗanda suka saba da ranarmu da hunturunmu.

Kuma haɗin ƙasar da ka ba Hajiya daidai ne, dutse ka kwaikwaya. Mutane na ɗauka kariya ba ta son ruwa ne. Tana so, zaman ruwa ne ba ta so. A kan dutse in an yi ruwan sama, duk abin da ya sauka a falalen tsagar nan yake gangarawa, ta sha ta cika tumbinta, cikin ɗan lokaci kuma wurin ya tsane. Ga wata fa'ida da na lura da ita a yawona. Ciyawa ba ta yin kauri a kan dutse, don haka gobarar daji in ta zo ba ta samun abin ci a wurin. Itace mai ruwa a jiki da siririyar fata wuta ce babbar abokiyar gabarsa. Shi ya sa a wuri ɗaya za ka tarar da su sun taru, kariya, tinya, da karan masallaci mai kusurwa huɗu da ɗan furensa mai duhu da ƙuda ke bi. Shi karan masallacin ma sunan wani likita ɗan Scotland, Dalziel, aka liƙa masa a littattafan masana, mutumin da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Tinya kuwa ba danginsu ba ce, farin nononta na iya lalata ido, a kiyaye.

Roƙona ɗaya ga masu karanta wannan. Kada wani ya ji an ce na dutse ne ke 'ya'ya ya ɗauki diga ya tafi tona. Mai ƙaton gindin nan da kuke gani a tsaga ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka, saiwarta ta shige can cikin dutse, in an ɓanɓaro ta rabi ake samu. A wasu wuraren ma mutanen dutse shuka ta suke a matsayin shaidar iyakar gona, ka tuge ta ka tayar da rigimar da ba ka san farkonta ba. A nemi izinin masu wurin, a ɗauki kwanso ɗaya da ya nuna, a bar saura. Kwanso guda ya ishi gida da maƙwabta.

Hajiya, wani abu ya faɗo mini. 'Yar ƙaramar nan taki in ta rayu, kada ki raina ta. Masu jeren kunnuwa sau da yawa cikin furensu a hargitse yake, garin ba ya samuwa sosai. Amma gindin da aka ɗora ta a kai daga ƙwaya ya fito. In ya fitar da reshe ta ƙasan tabon auren, masu lambu cirewa suke, ke ki bar guda ɗaya ya yi fure. Kin samu mijin kariyar Baba ke nan a cikin gida.

Uwar Biyu, Katsina:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na aika wa maƙwabciyata da kanumfari da bayanin 'yata ta Gusau, ɗanta zai kai ta a duba haƙorin. Ƙaramar kuma mun fito da ita ni da jikana, kusan rabin gindin ya tafi amma ɗaya gefen fari ne tas, tana rataye a rumfa yanzu. Malam na Damagaram, na karɓa da hannu biyu, akwai ƙanin maigidana da ke bin hanyar.

Malam, na tambayi yayanmu, ya ce magina sai cikin Maris za su fara. Yanzu muna farkon Oktoba. In yanki rassan yanzu ne ko in jira? Kuma ita uwar, lokacin da za a tone ta shi ne daidai lokacin furenta, ba zai cuce ta ba?

Malamin Gona, Mubi:

Ki yanki kaɗan yanzu, uku ko huɗu, tunda da sauran zafi, za su iya kama saiwa kafin sanyi ya sauko. Daga Nuwamba kada ki ƙara taɓa ta, reshen da aka dasa cikin hunturu zama yake a ƙasa mai sanyi har ya ruɓe. Sauran ki bari sai ranar tonon, dama dole a rage mata rassa don ta yi sauƙin ɗauka, kin ga kowa ya samu rabonsa a nan.

Maris lokaci ne mai kyau. Furen rani mai zuwa ne kawai za ki yi hasara, kuma kada ki yi mata barbara a wannan shekarar, a bar ta ta ji da kanta. A tone ta kafin magina su sa hannu a katangar, ba bayan sun fara ba. A faro ramin nesa da gindi, wajen taku guda, don akwai manyan saiwoyi masu ruwa a ƙasa waɗanda ba ki taɓa gani ba, tunda na reshe a can yake ɓoye kaurinsa. Duk saiwar da ta karye a gyara bakinta da wuƙa a shafa toka. Masu tonon su sa safar hannu, su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci. A kwantar da ita a inuwa kamar mako guda, sannan a dasa a wuri mai tudu da rana, a zuba tsakuwa da ɓaraguzan tsohuwar katangar a ramin, zurfin kada ya wuce inda ƙasa ta tsaya mata a da. A kafa mata sanda biyu a ɗaure saboda iskar farkon damina. Ruwa kuma sai bayan kwana goma, shi ma kaɗan, har ki ga sabon ganye ya fito.